Fentin jitar lantarki ya yamutse, ya yi fari, ya ƙi bushewa: a kankare ko a ƙara wani a kai?

Wani matashi daga Yalwa, nan cikin Bauchi, ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi jitar lantarki ta gwanjo, gangar jikinta duk ƙwarzane, sai ya kwance ta, ya murje tsohon fentin da samfefa mai kaushi har katako ya fito. Ya fesa mata baƙin fentin gwangwani sau uku a yini ɗaya, washegari ya kai wa wani kafinta ya fesa masa kiliya a kai, wato fentin ƙarshe mara launi mai sa sheƙi, duk a tsakiyar Agusta. Yau kwana 10 ke nan. Wasu wurare sun yamutse, wasu sun yi fari-fari kamar hazo, layukan katakon suna nan ɓaro-ɓaro, kuma in ya danna farce sai ya nutse. Yana so ya san ko ya ƙara wani fentin ya rufe, ko ya kankare ya sake.

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Na fi shekara 20 ina fesa fenti a garin nan, mota da gadaje da ƙofofi, kuma jitoci da dama sun biyo ta hannuna, yawanci na mawaƙan coci da masu kiɗan biki. Maganar ba za ta yi maka daɗi ba, amma kankarewa za ka yi. Duk abin da ka ɗora a kan wannan fentin, a kan taɓo ka ɗora shi. Sai dai kafin ka ɗauki samfefa, zauna mu bi abubuwa huɗun nan da ka lissafa, don kowanne da dalilinsa, in ba ka gane dalilin ba kuwa gidan jiya za ka koma.

Yamutsewar ita ce ta yanke hukunci. Fenti dangi-dangi ne, kuma ba kowane dangi ke zama da wani ba. Da yawa daga cikin fentin gwangwanin da ake fesa wa ƙofar ƙarfe ko keke mai mai ne, samansa yana kamewa cikin rabin awa, amma cikinsa sai ya sha iska kwana da kwanaki kafin ya ƙeƙashe. Kiliyar da kafintoci ke fesa wa gado da kujera kuwa galibi salulos ce, wani dangin fenti mai saurin bushewa, tinarta kuma, wato ruwan da ake tsinka ta da shi, mai zafi ce ƙwarai. Da ta sauka a kan fentin da bai gama nuna ba sai ta jiƙa fatar saman ta kumbura ta, ƙasan kuma laushi ne, ba abin da zai riƙe, shi ne ka ga ya tattare kamar yanar kunu in an taɓa kofin. Wannan ba ya miƙewa. Ko ka goge saman ya yi sumul, tinar fenti na gaba za ta sake tayar da shi. Ka'idar ita ce firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fesawa kafin launi, da launi da kiliya duk su fito daga dangi ɗaya, in da hali ma kamfani ɗaya. In kuma dole ta sa ka haɗa biyu, ka gwada a guntun katako tukuna, da tazarar kwanakin da za ka ba jitar kanta.

Kada ka ɗauka fentin jita wani sirri ne da sai a ƙasar waje. Kamfanin Fender, wanda ya fito da jitar Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, fentin mota na kamfanin DuPont ya riƙa fesa wa jitocinsa masu launi, wato Duco da Lucite. Jan da suke kira Fiesta Red launin motar Ford ne na 1956, shuɗin Lake Placid Blue kuma na Cadillac ne na 1958. Duco ɗin nan salulos ne, dangin wanda kafintanka ya fesa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1960 suka koma fenti mai tauri irin na roba, kamfanin Gibson kuwa har yau salulos yake fesa wa jitocinsa na Amurka. Saboda haka duk mai fentin motar da ya san aikinsa a Bauchi, ilimin yana hannunsa. Bambancin kawai shi ne mota ƙarfe ce, jita kuwa katako, kuma katako yana shan danshi yana saki, yana kumbura yana motsewa.

Farin nan da ka gani ba laifin fenti ba ne, laifin watan da aka fesa shi ne. Ka san yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firij. Haka salulos yake yi: tinarsa tana tashi da sauri, tashin nan yana sanyaya fuskar fentin, danshin iska ya sauka a kai ya maƙale a ciki kafin ya kame. Da zarar laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, hatsarin ya fara, Agusta kuwa lokacin marka ne, ranar da ba a yi ruwa ba ma ƙasa a jiƙe take. In da farin ne kaɗai matsalarka da ban ce ka kankare ba, don salulos yana da wani hali mai kyau, sabon feshi yana narkar da na ƙasa. Sai a jira rana mai bushewa a fesa siririn shafi da tina mai jinkirin tashi, danshin ya samu hanya ya fice.

Mu nan kowane lokaci da irin fitinarsa. Damina ta kawo farin nan. Disamba da Janairu hunturu ya kawo ƙurar da ko ɗaki a kulle sai ta shiga, ka fesa ka juya baya ka tarar fentin ya yi tsakuwa-tsakuwa. Maris da Afrilu kuma, in zafi ya doshi digiri 40, fentin yana bushewa a iska tun bai kai jikin katako ba, sai ya sauka kamar gari, ka shafa ka ji kaushi. Ni a wurina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka sosai ba. Fenti ya fi son zafin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, don haka a lokacin ma da hantsi za ka yi, bayan raɓa ta tashi, kafin rana ta take. In aiki ya kama ka cikin hunturu, ka yayyafa wa daɓen ɗakin ruwa ƙura ta kwanta, ka rataya leda ko gidan sauro kewaye da wurin, kuma kada kowa ya yi shara a tsakar gida ranar.

Laushin kuma daga kauri ne. Shafi uku masu nauyi a yini ɗaya, ga kiliya ta rufe su washegari, tinar da ke ƙasa ba ta da mafita. Irin wannan yakan yi watanni yana karɓar farce. Kuma kada zuciya ta ba ka ka shanya ta a rana. Na taɓa yi, shekarun baya, da jitar wani da ke son ta kafin Kirsimeti. Na jingina ta a jikin katanga da azahar don ta yi saurin bushewa, iskar da ke cikin ƙofofin katakon ta yi zafi ta taso, fentin ya yi ƙuraje tun daga sama har ƙasa. Daga aljihuna na sake aikin, mutumin kuma da jitar aro ya yi bikinsa. Har yau in na tuna fuskarsa ranar da ya zo karɓa ba na jin daɗi.

Saura layukan katako, kuma a nan ne ainihin aikin yake, don haka zan ɗan tsaya. Mutane suna zaton fenti yana rufe aibi. Tona shi yake yi, musamman baƙi mai sheƙi, wanda ya fi kowane launi tonon asiri. Fenti in yana bushewa motsewa yake yi, ya bi kowane rami da kowane zane ya kwanta a ciki. Abin da kake gani iri biyu ne: zanen samfefarka mai kaushi, da ƙofofin katakon kansa. Wasu itatuwa, irin su madaci, jikinsu cike yake da ƙananan ramuka, sai an cike su. Wasu kuma jikinsu a matse yake, sila kaɗai, wato shafin farko da ke toshe jikin katako, ta wadatar. Ka kalli naka ta gefe a hasken taga, in ka ga ɗigo-ɗigo kamar an caccaka allura, yana buƙatar ciko.

Fentin da ke kai yanzu mai laushi ne, zai toshe maka samfefa nan take, don haka ka jiƙa shi da tina a fili, ka kwashe da wuƙar foti, wadda ake shafa ƙullin cike rami da ita, a hankali kada ka yanki katakon, sannan ka bar shi kwana 3 ko 4 warin ya fita. Daga nan ka bi samfefa daki-daki, lamba 120, sai 180, sai 220, kana bin tsawon jijiyar katakon, ba a gicciye ba. Kada ka tsallake lamba, kowace aikinta ta share zanen wadda ta gabace ta. Kuma kada ka goge shimfiɗaɗɗen wuri da yatsu, yatsa yana haƙa kwari ba ka sani ba. Ka naɗe samfefar a guntun katako mai faɗin tafin hannu, wajen lanƙwasa kuma ka yanko robar tsohon silifas. In akwai wurin da ya lotsa ba tare da ya yanke ba, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi, tururin zai taso da shi. Wanda ya fashe kuwa sai foti. Tunda launi mai rufewa za ka sa, siririn fotin mota ya isa ya cike ramukan duka, ka shafa ka kwashe, ya bushe ka goge har ya rage a cikin ramukan kaɗai.

Daga nan sai sila, bayanta sai firaima mai launin toka, shafi biyu ko uku. Ga dabarar da masu fentin mota ke yi, wadda ita ce za ta raba aikinka da na koyo: in firaimar ta kwana, ka tsaya nesa ka watsa mata ɗan baƙin fenti kamar yayyafi, sannan ka goge da lamba 320 ko 400 a kan katakon gugarka. Duk inda baƙin ya rage, wurin kwari ne. Ka cike, ka sake firaima, ka sake yayyafin, har ranar da baƙin zai tafi gaba ɗaya a gugar farko. Ni nakan maimaita sau uku a jita ɗaya, kuma kwanakin da nake ci a nan sun fi na feshin launi nesa ba kusa ba. Idonka ma kada ka yarda da shi shi kaɗai, rufe ido ka shafa da tafin hannu, hannu yana jin abin da ido bai gani ba.

Da ka tambaye ni tun farko, da na ce kada ka cire tsohon fentin ma. Yawancin jitocin gwanjo fentinsu na masana'anta ne mai taurin gaske, ya riga ya cike katakon ya daidaita shi. Akan ɗiga tina a ɓoyayyen wuri, in bai yi laushi ba sai a dusashe sheƙinsa da 320, a cike ƙwarzanen, a hau firaima. Na faɗa ne don jita ta gaba, da kuma wanda zai karanta bai fara ba tukuna. Wasu za su ce maka fenti mai kauri yana kashe sauti. Kada wannan ya hana ka barci, sautin jitar lantarki daga tsirkiya da maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yake fitowa, rabon fenti a ciki kaɗan ne.

Kafin ka fesa komai, ka liƙe gurbin da wuyan jitar ke zama da tef ɗin takarda. Fenti in ya taru a wurin, wuyan ba zai koma mazauninsa daidai ba, in ka tilasta shi kuma fentin gefen ya ɓalle. Ka ɗaure sanda mai tsawon kamu biyu a gurbin nan da sukuru, ita ce mariƙinka, da ita za ka juya jitar kana fesawa, da ita kuma za ka rataye ta. Duk hujin da kake buƙata ka huda shi yanzu. Ka lura da siririyar wayar da ke tafiya zuwa ƙarƙashin jakin tsirkiya, wato ƙarfen da tsirkiyar ke hawa a gangar jitar, in fenti ya shiga tsakaninta da ƙarfen, jitar za ta riƙa gurnani a lasifika. Daga wannan mataki kada hannu mai maiƙo ya taɓa jikin, haka tsumman da ya taɓa man goge mota ko na kujera. Sinadarin silikon da ke cikinsu yana sa fenti ya gudu ya bar ƙananan ramuka zagayayyu, kuma fitar da shi wahala ne.

Feshin kansa ba shi da yawan magana. Ka girgiza gwangwanin minti 2 cikakku, in da sanyi ka ɗan tsoma shi a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. Tazara santimita 20 zuwa 25, kusan kamu ɗaya. Ka fara danna kan gwangwanin a waje da jitar, ka wuce ta, ka saki a waje, kowane layi ya hau rabin na baya. Hannun gaba ɗaya ke tafiya, ba wuyan hannu ke lilo ba. Gefuna ka fara, sannan baya, sannan gaba. Shafin farko ya zama siriri har kana hango firaima ta ciki, kada wannan ya dame ka. Shafi uku sirara a yini sun isa, da tazarar awa ɗaya ko fiye. In wani wuri ya dalala, kada ka taɓa, bar shi ya kwana biyu ka goge shi a bushe. A nawa aikin, gwangwani ɗaya na firaima, biyu na launi, uku na kiliya sukan gama gangar jiki ɗaya, kuma kiliyar ce bai kamata ka yi wa rowa ba, don ita za a goge daga baya. Shawarata, a wannan karon ka bar baƙi. Fari ko ruwan madara sun fi rufa wa mai koyo asiri.

Daga nan sai jira, kuma a nan mafi yawa ke faɗuwa, don jitar tana rataye tana ƙyalli kamar an gama. Salulos yana son mako 3 zuwa 4 a inuwa, inda iska ke wucewa. Ka kai hancinka cikin ramin wayoyi, in har kana jin warin tina, da saura. Ka danna farce a wurin da murfi zai rufe, in ya bar alama, da saura. Kada ka kwantar da ita a kan tawul ko katifa, saƙar za ta fito a jiki. Ko bayan ta gama, salulos ba ya shiri da roba da leda, maratayin jita mai roba yakan ci fentin inda suka haɗu, sai ka naɗe wurin da ƙyallen auduga.

In ta nuna, za ka ga fuskar tana da ɗan gargada kamar ɓawon lemo. Wannan ba aibi ba ne, shi ake gogewa da ruwa. Samfefar ruwa lamba 800 ko 1000, sai 1200, 1500, 2000, a jiƙa ta tukuna, a ɗiga ɗan sabulu a ruwan. Kafin ka fara, toshe kowane hujin sukuru da kakin kyandir, don ruwa in ya shiga katakon zai kumbura ya tsaga fentin kewaye da hujin, aikin wata biyu ya lalace a minti biyar. Ka goge kaɗan, ka share, ka duba: inda ke ƙyalli har yanzu kwari ne, ka ci gaba har fuskar duka ta dushe bai ɗaya. Ruwan gugar fari ya kamata ya zama. Da ka ga ya ɗauki launin jitar, tsaya, ka riga ka huda kiliya ke nan. Gefuna da kusurwoyi kuwa kusan kada ka taɓa su, fenti a nan ya fi siranta. Bayan 2000 sai man gugar fentin mota da tsumman auduga mai laushi, mai kaushin ka fara, ka ƙare da mai laushin. Hannu ya isa, sai dai kafaɗa za ta gaya maka.

Akwai maganar da ta fi jitar muhimmanci. A garejinmu an saba a ɗaura tsumma a hanci a fesa, in an gama a sha gwangwanin madara wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin fenti kuwa huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Takunkumin asibiti ƙura yake tarewa, ba ya tare tururin tina. Ka nemi na roba mai tukwane biyu masu gawayi a ciki. Salulos kuma abokin wuta ne, kada ka fesa kusa da janareto ko risho ko murhun gas, kada a kunna sigari, kuma kada ka yi a ɗakin da yara ke kwana. Wani zai ba ka shawarar kiliyar mota mai hadina, wato ruwan da ake zuba mata don ta yi tauri, wadda ake haɗa biyu. Gaskiya ta fi tauri, ta fi jure gumi, cikin 'yan kwanaki ma an goge ta. Amma hadinar tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo ciwon asma da ba ya barin mutum, takunkumin gawayi ma ba a dogara da shi a kanta. In ita kake so, ka gama gyaran katako da firaima a gida, ka kai wa mai fentin mota da ke da kayan kariya ya haɗa ta da aikin wata mota, kuma ka tambaye shi irin firaimar da za ka sa tun kafin ka saya.

Yanzu muna ƙarshen Agusta. Kankarewa da guga ba ruwansu da damina, ka yi su a Satumba a hankali, ka rataye katakon a ɗaki ya saki danshinsa. Sila da firaima su jira ƙarshen Oktoba, launi da kiliya farkon Nuwamba, gugar ruwa ta faɗo cikin Disamba, lokacin ƙura ba za ta iya yi mata komai ba. Ka ajiye guntun katako a gefe, duk abin da ka fesa wa jitar ka fesa masa a rana ɗaya, a kansa za ka riƙa gwada farce. In ka kai matakin yayyafin baƙi a kan firaima, ka ɗauki hotonta a hasken taga ta gefe ka turo, ko ka kawo ta in shafa hannu kafin ka sa launi.